Sifili Ɗigo Tara

Na wurga mata littafinta a kan benci. "Duk ajin nan ke kaɗai ce daƙiƙiya?"

Sati guda ina nanata musu abu ɗaya: kowane yatsa ɗaya bisa goma ne, a rubuta shi 0.1, goma su haɗu su ba da 1.0. Aikin gidan ma ba wuya, kowa ya ƙirga yatsun hannun babansa ya rubuto. Yara arba'in suka kawo 1.0. Ita ta kawo mini 0.9.

"Goge ki gyara."

"Malama, daidai ne."

"Ni za ki koya wa lissafi? To sai dai in uban naki ba cikakken mutum ba ne." Ajin ya kwashe da dariya. "Gobe kar in ga ƙafarki sai da shi."

Da safe ya zo. Kafinta ne, da garin katako a gashinsa, hannuwansa cikin aljihu. Ko kujera ban ba shi ba. A gaban yaran na wanke shi tas, daga taurin kan 'yarsa har iyayen da ba sa duba littafi.

Bai katse ni ba. Da na gama, ya shimfiɗa tafukansa a kan teburina. A gurbin ƙaramin yatsansa na hagu, tabon zarto ne kawai.

"Ƙirga, Malama, ki faɗa wa ajin nawa kika samu," in ji shi. "Ki ɗaga murya. Jiya ai da ƙarfi kika yi maganar."