Sakan Biyar a Tashar Giza

"Cire kyamarar daga otomatik," in ji ƙawarta 'yar Nijar. "Matse ƙofar haske, ki bar idon kyamarar a buɗe sakan biyar. Duk mai motsi zai ɓace. Yalla, maza gwada."

Ba ta yarda ba, amma ta ɗora kyamarar kan katangar tashar jirgin metro ta Giza, a Masar, ta danna, ta riƙe numfashi.

Ikon Allah! A hoton, cincirindon la'asar ya narke kamar hayaƙi, sai mutum ɗaya da ya fito tar. Ta ƙara girman hoton. Yayanta ne, wanda ya ƙaurace mata wata shida saboda ta bar karatun fiƙihu ta kama ɗaukar hoto. Yana tsaye cak, yana kallonta da murmushi.