Kaset Ɗin Gwaji

Sai da ta zauna gaban wani tsohon manomi a Maiyama ta gane kaset ɗinta sun ƙare. A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ne, tana ajin ƙarshe a jami'a, tana binciken yadda manoma ke ajiyar albasa. Ta gama da Jega da Aliero, wannan ce hirar ƙarshe, ga wa'adin miƙa aiki ya matso.

Kaset ɗaya ya rage a jaka, na gwaji. Malaminta ya koya musu cewa kafin a fita tattara bayanai, a fara gwada tambayoyi a kan wani na kusa, a ɗauka a kaset, daga baya a shafe. Ita a kan mahaifinta ta gwada, a zaurensu na Danwarai. Mahaifin bai ga girbin wannan shekarar ba.

Ta danna rikoda don ta tabbatar shi ne.

"Ya kama?" muryar mahaifinta ta fito, yana dariya. "To mi za ni ce ma akwati? Ɗiyata, albasa kamar mutum ta, in ta rasa iska sai ta ruɓe."

Yatsanta na kan maɓallin ɗaukar murya, ya ƙi motsi.

Tsohon ya dubi fuskarta. "Mai maganar nan yana raye?"

Ta girgiza kai.

Ya janye rikodar daga gabanta, ya gyara zama.

"Allah shi jiƙan shi. Ɗauko biro, ɗiyata. Sannu-sannu za ni magana."