Shanyar Lahadi a Bakin Kogin Buna

Ranar da sojojin Albaniya suka janye daga bakin kogi, na shiga kwalekwale da jan bargon Inna a cinyata, ina ta bitar abin da zan faɗa.

Shekara arba'in da uku gwamnatin kwaminis ta hana tsallaka Buna. Babu wasiƙa, ko hannu ka ɗaga wa na tsallake sai kurkuku. Shanya ce kaɗai ba a hana ba. Duk Lahadi Inna kan shanya jan bargo, ƙanwarta da ke aure a ɓangaren Yugoslabiya ta shanya shuɗi, kowacce ta san 'yar'uwarta na raye.

Da Inna za ta cika, ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki daina shanyawa. Zuciyar ƙanwata ba za ta ɗauka ba."

Shekara tara ina yi wa tsohuwa ƙarya.

A gidan shuɗin bargo, 'yar ƙanwar Inna ce ta tare ni, mace sa'ata, hancin Inna sak. Ta kawo mini kofi.

"Ina Inna babba? Jiki ne ya hana ta?"

"Shekara tara da rasuwarta. Ni ke shanyawa. Ki kai ni wajen mahaifiyarki, in gaya mata da bakina."

Ta daɗe tana kallon bargon, sannan ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Tawa uwar shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ni ma wasiyyar da ta bar mini ke nan."

Na kurɓi kofin, ya riga ya huce.

"To, Lahadi mai zuwa fa?" in ji ta.

Na ce, "Ki shanya. Ni zan duba."