Mai Jin Taku Ta Bayan Bango

Tove Rydell ta dangwarar da hedifon, na'urar sauraron nan da ake ɗorawa a kunne, a gaban alƙalan gasar, ta bi su da irin kallon da malama ke yi wa daƙiƙan aji.

A wurinta, zargin da ya tara su a wannan ɗaki na birnin Göteborg abin dariya ne. Wai Elis Hammarberg, matashin da ya ɗauke kofin wasan harbi na kwamfuta, maguɗi ya yi. Wai ya ɓoye wata manhaja da ke nuna masa abokan gaba ta bayan bango. Mai zargin kuwa Rasmus Öberg ne, tsohon ɗan wasan da yatsu suka daina yi wa biyayya, ya koma sharhi a talabijin.

Tove ce ta ƙera hedifon da Elis ke wasa da shi, kamfaninta ne kuma ya manna fuskar Elis a kowace tashar jirgin ƙasa. In ya faɗi, tare za su faɗi.

"Kullum sai ya juya ya harbi mutumin da bai gani ba," in ji Rasmus. "Duba yake yi?"

"Bai gani ba, amma ya ji," Tove ta ce. "Wanda ya koyi wasa da rediyon kakarsa ba lallai ya gane ba, Rasmus."

Ta yi musu bayani dalla-dalla, kamar mai ba yaro kunu. Lasifika biyu ce kacal a ciki. Dabarar ita ce, sauti ya riga isa kunne ɗaya da ɗan ƙiris, ya isa ɗayan a raunane. Ƙwaƙwalwa ta auna bambancin, sai ta ce maka ga mutum can bayanka, yana hawowa bene. Kunne biyu lafiyayyu kawai ake buƙata.

Ta ɗora wa babban alƙalin a ka, ta kunna. Bawan Allah ya zabura ya waiga bayansa, bai ga kowa ba sai bango. Ɗakin ya ɗauki dariya.

Elis dai yana kujerar ƙarshe inda ya saba zama, kafaɗarsa jingine da bango, yana wasa da igiyar rigarsa. Wata alƙaliya da ke gefe ta yi masa tambaya, ya share ta, sai da ta maimaita da ƙarfi. Tove ta taɓe baki. Ta san halinsa, tun ranar da suka fara haɗuwa haka yake, girman kai kamar ɗan sarki. Amma gwani ai da jin kai aka san shi.

An bincike kwamfutarsa, ba a sami komai ba. Aka wanke shi tas. Kafin mako ya zagayo gidan talabijin ya sallami Rasmus, bayan an sa shi ya karanta takardar ban haƙuri a gaban kyamara. Tove ta kalli bidiyon har ta gaji, kowane kallo da sabon daɗinsa. Hedifon kuwa ya ƙare a kantuna.

Ranar Juma'a ta haɗa ɗan biki a ofis, kofi da burodin kirfa. Mahaifiyar Elis, Gunnel, ta taso takanas daga garin Borås da furanni a hannu. Ba ta san kan wasan ba ko kaɗan, ita dai ta ji an ce wannan matar ce ta tsaya wa ɗanta.

Ta riƙe hannun Tove da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Na gode, Tove. Ni har yau abin mamaki yake ba ni, wai Elis ɗina ne ake yabo da ji. Yaron da sanƙarau ya kashe wa kunnen hagu tun yana goye."