Gurbin Mai Jinya

Wane irin ɗa ne sai jirgin ruwan shaƙatawa ya tuna masa da ubansa? Auta ne ke jinyar Baba shi kaɗai. Jirgin ba ya ɗaukar marar rigakafi, allurar annobar kuwa ta tsofaffi ce da mai jinyarsu guda. Sai ga Yaya, mai son shiga jirgin, yana ƙamshin turare.

"Bar min gurbinka, Auta."

"Wallahi a'a. Ka taɓa wanke masa fo?"

Baba, da ya sha korar masu allura, ya riƙe hannun Yaya. "In babban ɗana zai kai ni, zan je."

Auta ya saurari tarin tsohon, sannan ya tura wa Yaya keken guragun.

"Birkin yana hagu."