Rigar da Sunniva Ta Saƙa

A tsibirinsu, in budurwa ta saƙa wa saurayi rigar sanyi, sa rigar shi ne amsa. Sai ga Hedin, saurayin da Sunniva ta saƙa wa, cikin rigar ruwa, zif har wuya.

Sunniva ta haɗiye takaici, ta yi gaba a siririyar hanyar tudun, teku na dukan duwatsu can ƙasansu. A sama ta juyo.

"In ba ka so, mayar min da ulun tumakin babana."

Ya sosa ƙeya, ya tuɓe rigar ruwan. Ga saƙarta a jikinsa, hannun rigar na hagu ya rufe masa yatsu.

"Gudu nake kada ta jiƙe."

Ta cije murmushi, ta naɗe ulun har yatsunsa suka fito. Ba ta sake su ba.