Littafin da Gara Ta Ci

Wata Lahadi a ƙuruciyata, bayan mun taso daga coci, Baba ya zaunar da ni gindin darbejiyar gidanmu a Daura, yana fassara mini wani tsohon littafin Turanci. Labarin ɗan wasan besbol ne, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Ɗan wasan ya karye a hannu, ya dage da addu'a, ya koma fili. Nan Baba ya tsaya, don gara ta cinye sauran shafukan.

Na ce, "Baba, ya ci wasan?"

Ya ce, "Oho. Inda gara ta bar mana dai, yana tsaye da sandarsa."

Yanzu shekara uku ke nan ina jinyar Baba. Na gaji, addu'ar ma da ƙyar take fita. Amma gobe ma zan tashi in ɗora masa ruwan wanka.